Waƙar Fim Tana Isowa Ƙauye Ba Sunan Mai Ita

Duk wanda ya san ƙauyukan Kano da Jigawa ya san waƙar fim ta zama abokiyar aiki. Tana cikin aljihun mai ban ruwa a fadamun Kura da Auyo, tana gefen tabarmar mai ɗinkin hula a tsakar gida, tana ɗaure a kan babur ɗin ɗan acaɓan da ke jigilar mutane zuwa Gujungu ranar Lahadi. Bayan sallar isha'i kuma ita ce abin musu a teburin mai shayi da bakin shagon caji: wacce ta fi wacce, na da ko na yanzu, na Indiya ko namu na gida. Ni ina goyon bayan musun nan, don da shi kunne ke gogewa. Abin da ke damuna shi ne ana tafka shi a kan waƙoƙin da ba a san masu su ba. Waƙa takan baro sitidiyo a Titin Gidan Zoo tana da marubuci da mawaƙi da mawaƙiya da mai kiɗa, amma kafin ta iso Ringim ko Gwaram ko Sumaila duk sunayen sun zube a hanya, ba abin da ya rage sai fuskar jarumin da ya motsa baki a kanta. An tauye haƙƙin masu aikin ke nan. Waƙar ma tana cutuwa, domin aikin da ba a san mai shi ba babu wanda za a yaba wa in ya yi kyau, babu wanda zai ji kunya in ya lalace.

Ka kasa kunne ka ji yadda musun ke tafiya. Ƙaramin cikinsu zai ce, “Wallahi Yaya, ba a taɓa waƙa irin ta wane ba,” ya ambaci sunan jarumi. Yayan ya ce, “Kai dai yaro ne, ba ka ji ta wance ba, wadda take kuka a bakin rafi,” shi ma jaruma ya ambata. Kawun da ke gefe, wanda ya ga zamanin kaset, ya girgiza kai ya ce, “Ku bari kawai 'ya'yan nan, waƙa ta ƙare tun tuni.” In ka ce da su ukun su faɗi sunan matar da ta rera waƙar bakin rafin, za a yi tsit. In ka ce su kawo sunan masu kiɗa uku a duk masana'antar, shirun zai fi haka tsawo. Ba laifinsu ba ne, ba a taɓa gaya musu ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan da ya rasu a Disambar 2014, har gobe ana jingina masa waƙoƙin barkwancin finafinansa, alhali da dama daga ciki Sadi Sidi Sharifai ne ya rera su.

Kafin a ce wane ya yi waƙa, ya kamata a san hannu nawa take bi. Furodusa ne ke fara kiran mawaƙi. Wanda ya san aikinsa zai ba shi labarin fim ɗin gaba ɗaya, ya nuna masa gurbin da waƙar za ta zauna da halin da mutanen labarin ke ciki a daidai wurin. Wanda bai damu ba a waya zai ce, “A yi mana guda uku, biyu na soyayya, ɗaya ta rabuwa.” Daga nan mawaƙi zai rubuta baitoci, ko ya karɓa daga wani marubucin, ya samo karin da zai ɗora su a kai, ya tafi sitidiyo ya rera wa mai kiɗa da baki. Mai kiɗa ne zai yanke saurin waƙar da tsayin sautin da za a rera ta a kai. Zai fara shimfiɗa ganga, ya sa mata sautin ƙasa mai kauri, sannan ya bi da fiyano da sarewa da goge, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a layinsa cikin kwamfuta. Sai namiji ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya ɗora tasa. Mace takan zo daga baya, wani lokaci ma washegari, ta tarar an gama yanke komai, a karanta mata baitocinta ta hau. A ninka amshi sau biyu ko uku don ya cika, a daidaita ƙarfin kowane layi, a fitar da waƙa. Sai bayan duk wannan ne jarumi da jaruma ke shigowa: a kunna musu waƙar a sifika a lokeshin, su yi mamin, wato motsa baki kamar su ke rerawa, edita ya daidaita laɓɓansu da muryar. Mamin sana'a ce, akwai waɗanda suka ƙware a kanta har ka rantse su ke rerawa, kuma akwai jaruman da su ma mawaƙa ne, irin su Yakubu Muhammad da Adam A. Zango. Amma a mafi yawan waƙoƙi mamin shi ne mataki na ƙarshe a aikin da mutum huɗu ko biyar suka riga suka gama.

Sanin wannan yana canja musun tun daga tushe. Ɗauki ƙorafin da aka fi yi a majalisa, cewa muryar matan waƙar fim ta cika siranta, duk kamar mutum ɗaya ce ke yi. Akan ɗora wa mawaƙiyar laifi, ko ma jarumar da ba ta furta ko harafi ba. Wani ɓangare na abin ɗanɗano ne da aka gada daga finafinan Indiya, amma sau da yawa matsalar daga tsayin sautin da aka yanke tun farko take. Mai kiɗa ya auna shi da muryar namiji, don shi ne ya zo da waƙar. Da macen ta zo, in ta rera a inda namijin ya rera ya yi mata ƙasa ainun, muryarta ba ta fita. In ta haura hawa na sama ya yi mata tsayi, sai ta shaƙe. Maimakon a sake kiɗan, wanda zai ci wani lokacin da wani man janareto, sai a sa manhajar gyaran murya ta fizge ta sama da ƙarfi. Abin da ke fitowa shi ne siririyar muryar nan mai amon ƙarfe wadda ba ka jin numfashin mutum a cikinta. Maganin kuwa ba shi da wuya. A kira su biyun rana ɗaya kafin a shimfiɗa kiɗa, a gwada amshi a tsayi biyu ko uku, a tsaya a inda kowannensu ke rerawa ba tare da jijiyar wuya ta miƙe ba. Fiyanon da ake aiki da shi yana da maɓallin ɗaga sauti da sauke shi, aikin 'yan mintoci ne in an yi shi kafin a ɗauki muryar kowa.

Ƙorafi na biyu na tsofaffi ne, cewa ba sa jin abin da yaran nan ke faɗa. Ba kunnensu ne ya yi nauyi ba. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma gaɓoɓinsa akwai masu ja akwai gajeru. Makaɗan gargajiya da malaman da ke rubuta waƙa a soro duk a kan wannan suke gina kari: inda harshe ya ja, waƙa ta ja. Idan aka ɗauko karin da aka ɗinka wa harshen Hindu ko Larabci aka ce dole kalmomin Hausa su shiga ciki, sai ka ji an ja gaɓar da ba a ja, an datse wadda ake ja, an ɗaga murya a inda Bahaushe ke sauke ta. Gwajin wannan kowa zai iya yin sa a bakin shago: a faɗi baitin da baki kamar ana magana, sannan a saurari yadda aka rera shi. In sun yi hannun riga, an fifita karin aro a kan harshe, kuma laifin na wanda ya zo da karin ne. To yaya za a kama shi da laifin in ba a san ko wane ne ba? Haka kuma wanda ya zauna ya tace baitinsa har kowace gaɓa ta faɗa a gurbinta, da me za a bambanta shi da mai aikin gaggawa?

Abin takaicin shi ne Indiyawan da muka aro tsarin nan a wurinsu sun daɗe da shawo kan wannan matsala. Kanawa sun san sinima tun 1937 da aka buɗe Rex, kuma tun daga shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya, daga baya talabijin da bidiyo suka kai su har ƙauye. A Indiya ma da farko ɓoye mai rerawa ake yi. A 1949, da fim ɗin Mahal ya fito, faifan garmahon waƙarsa da ta fi tashe bai ɗauki sunan wadda ta rera ba, sunan da jarumar ke amsawa a cikin labarin aka buga. Masu sauraro ne suka dami gidan rediyo da tambayar muryar wace ce wannan, har aka sanar da sunan Lata Mangeshkar. Kyautar finafinan Indiya ta Filmfare da aka fara a 1954 ta ware wa mai tsara kiɗa kambunsa tun a zaman farko, a 1959 aka ƙara na marubucin waƙa da na mai rerawa. A 2012 majalisar dokokin ƙasar ta gyara dokar haƙƙin mallaka domin marubuci da mai kiɗa su riƙa samun kasonsu daga abin da waƙa ke kawowa bayan fim. A lura da inda gyaran ya faro: daga masu sauraro da suka ƙi yarda a bar su cikin duhu.

Mu kuwa, daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, zuwa tsakiyar shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya shiga sitidiyon Kano, zuwa tashen fim ɗin Sangaya a wajen 1999 wanda ya tabbatar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai cewa waƙa ce ke sayar da fim, mun ɗauki rawa da waƙar, mun ɗauki rera wa jarumi daga bayan fage, mun baro girmama mai rerawar a can. Duk da haka zamanin kaset ya fi na yanzu ta wannan fuska. Mai kallo yana zaune sunaye za su wuce a farkon fim da ƙarshensa, shi ya sa irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙassim suka shiga kunnen jama'a.

Yau waƙa ita kaɗai take zuwa ƙauye, ta baro fim ɗinta a baya, kuma ƙofar shigowarta shagon mai turi ne, wato mai tura wa mutane waƙoƙi a waya ko memori. Ka leƙa ɗaya ranar kasuwa, a Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis. Rumfar kwano ce, faifan sola a sama, batir a ƙarƙashin tebur, wayoyi jere a kan katako kowacce da lambarta a jikin salatif, tsohuwar laftof a tsakiya. Mutum zai miƙo memori ya ce, “Malam, a cika min da na fim sababbi, a sa min na Indiya kaɗan.” Mai turin zai buɗe foldojin da ya tara, ya kwafa, ya miƙa masa, ya juya ga na gaba. Dubi sunayen foldojin: na jarumai ne, ko kuma sababbi, tsofaffi, na biki. Dubi sunayen waƙoƙin: wata lamba ce kawai, wata ta fara da AUD sai kwanan wata sai WA da wasu lambobi, alamar ta WhatsApp ta biyo, wata kuma sunan shafin intanet ɗin da aka sauke ta ne, har da muryar mai shafin yana tallar kansa a kan amshi. Mawaƙa da dama sukan ambaci mai kiɗa a ƙarshen waƙa, amma guntun daƙiƙa talatin da aka yanko daga TikTok bai kai can ba.

Har sautin ma yana zubewa. Waƙar minti biyar tana fita daga sitidiyo da nauyin megabait 50 ko kusa da haka. In aka matse ta zuwa MP3 mafi kyau takan koma 12. A matsakaicin matsi, wanda kunne ba ya ƙorafi da shi a waya, takan koma kusan 5, wato megabait ɗaya a kowane minti. Wannan lissafin ya ishi mai saye: in waƙar minti biyar ba ta kai megabait biyu da rabi ba, an matse ta fiye da kima, kuma za ka ji shi a kacau-kacau da ƙarshen kalmomi, sun dagule ba sa fita tas. Mutane da yawa sun ɗauka yawan turi ne ke cinye waƙa, don sun saba da kaset da ke dushewa in an yi ta kwafar sa. Turi ta Xender ko Bluetooth kwafi ne cif, ko sau ɗari aka yi. Abin da ke cinye waƙa juyi ne: a sauke bidiyo daga YouTube, a rage shi don ya buɗe a ƙaramar waya, a zare sautin daga ragaggen bidiyon, wani ya ɗora shi a wani dandalin, wani ya sake zarowa. Kowane juyi yana zubar da abin da ba ya dawowa. Ga kuma memorin jabu, wanda ke nuna gigabait 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Da ya cika sai ya hau kan tsofaffin waƙoƙi, ka ji waƙa ta fara ta tsaya a tsakiya ko ta ƙi buɗewa. Wanda ya sayi sabon memori ya cika shi, sannan ya koma ya kunna waƙoƙin da aka fara sa masa kafin ya bar kasuwar.

Sai ka ga mutum biyu suna tayar da jijiyar wuya a kan waƙa ɗaya alhali ba abu ɗaya suka ji ba. Ɗaya ya ji ta cikakkiya a manyan sifikun dije a gidan biki, ɗayan ya ji ragowarta a ƙaramar waya mai maɓallai, wadda sifikarta ba ta iya fitar da sautin ƙasa kwata-kwata. In ana son musu na adalci, a kunna waƙoƙin biyu a sifika ɗaya, masu nauyi kusan ɗaya, daga farko har ƙarshe. A nan masu kiɗa ma suna da nasu aikin. Wanda ya gina daɗin waƙarsa duka a kan sautin ƙasa ya gina wa 'yan birni masu manyan sifiku ne. Wanda ya baza amshi hagu da dama da dabarar kwamfuta ya sani yakan dushe, wani lokaci ya ɓace, a waya ko 'yar MP mai baki ɗaya. Bai kamata waƙa ta fita daga sitidiyo ba sai an saurare ta a irin wayar da manomi ke riƙewa.

Za a ce ai mawaƙan yanzu sun yi suna, wa bai san Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker ba? Gaskiya ne. Amma a duba ta inda sunan ya zo: kundin waƙoƙinsu na ƙashin kansu, bidiyon da suka fito da fuskarsu, wasan sallah da na biki. Sai da suka fito daga inuwar fim aka san su. Macen da ke ba su amshi fa? Fati Nijar da Maryam A. Baba da Zuwaira Isma'il da wasu 'yan kaɗan sun yi fice, sauran kuwa muryarsu tana kowane gida, sunansu ba ya ko'ina. Akwai mawaƙiyar da aure ko gidansu ba zai bar ta ta hau dandamali ko ta fito a bidiyo ba. Irin wannan sunanta a jikin waƙa shi ne jarinta gaba ɗaya: da shi wani furodusan zai neme ta, da shi za ta iya cewa kuɗina ya ƙaru. Ana biyan ta sau ɗaya ranar ɗauka, waƙar ta yi shekaru tana zaga gidajen biki daga Ɗambatta zuwa Birnin Kudu, jarumar da ta yi mamin ta samu kyauta da tallace-tallace. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. In wata ta zaɓi a sa mata laƙabi ko a ɓoye ta, wannan haƙƙinta ne, amma ita ce za ta zaɓa. Mai kiɗa shi ma haka, kuma shi ne ma ya fi daɗewa a kan waƙar.

Akwai wani sashe na kiɗan fim da ko musun ba a yi a kansa, wato kiɗan da ke raka fitowa a ƙarƙashin magana. Tun wajen 2020 da finafinai masu dogon zango suka karɓe kasuwa a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, rawa a cikin lambu ta ragu, waƙar da ke bin labari tana fassara halin da ake ciki ta ƙaru. A ganina wannan ci gaba ne, kuma shi ne amsata ga Kawun da ya ce waƙa ta ƙare: abin da yake tunawa zaɓaɓɓun da suka rayu ne, ya manta da tarin waɗanda aka kwafo karinsu daga Indiya baiti-baiti aka cusa a inda labari bai nema ba. Sai dai kiɗan rakiyar nan har yanzu marayan aiki ne. Edita ne ke tsinto shi daga finafinan waje, goge ɗaya mai ban tausayi a mutuwa, a saki, a korar ɗan haya. Yakan fi magana ƙarfi, ta yadda a gidan kallon da janareto ke ruri a bayan bango ba ka jin abin da uwa ke gaya wa 'yarta. Kuma YouTube yana da na'urar gane kiɗan da ke da mai shi. In ta kama, kuɗin tallan zangon yana iya tafiya wurin wani kamfani a ƙasar waje, ko a toshe bidiyon. Da a ce ana rubuta sunan mai kiɗan rakiya a fili, da furodusa ya ji nauyin barin gurbin babu kowa.

Masu iya cike gurbin kuwa suna nan cikin ƙauyukan da ake musun. Ƙasar da ta fitar da Haruna Uji mai gurmi daga Haɗeja ba ta rasa masu kalangu da sarewa da kukuma da garaya ba. Sautin kalangun da ke cikin fiyano bugu ne da aka riga aka ɗauka, ba ya matse tsirkiya ya sassauta ya bi hawa da saukar magana yadda hammatar makaɗi ke yi. Ɗaukar na gaske ba ta bukatar komai sai makirfo ɗaya mai kyau da ɗaki marar amsa-kuwwa, da sharaɗi guda: a fara ɗaukar mai sarewa ko mai kukuma, sannan a daidaita fiyano da sautinsa, domin kayan gargajiya ba a kan ma'aunin fiyano aka gina su ba, in aka tilasta musu sai su fito kamar sun kauce. Wani amfanin kuma, sautin waɗannan kaya a tsakiya yake, inda ƙaramar sifika ta fi iya fitarwa.

Za a kuma ce mai turi ai satar fasaha yake yi, me za a nema a wurinsa? Wannan magana tana da gaskiyarta, kuma ranar da za a zauna a tsara yadda zai riƙa biyan wani abu tana nan tafe. Amma a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, data kuma ta yi tsada, shi ne dillalin da ke akwai, kuma mafi ƙarancin abin da zai yi wa mutanen da yake cin abinci da guminsu shi ne ya bar sunansu a jikin kayansu. Sai dai ba zai rubuta abin da ba a ba shi ba, don haka daga sitidiyo za a fara. A cikin kowane fayil na MP3 akwai gurbin sunan waƙa da mai rerawa da mai tsara kiɗa da shekara, har da hoto. Cike shi ba ya cin minti biyu, yana bin waƙar duk inda aka tura ta, kuma shi babbar waya ke nunawa in ana sauraro. Ƙananan wayoyi da yawa sunan fayil kawai suke nunawa, suna kuma datse wutsiyarsa, saboda haka a fara da sunan mawaƙi da mawaƙiya, sai na waƙa, sai na fim. A guji haruffa masu lanƙwasa a sunan fayil, tsofaffin wayoyi akwati suke mayar da su. Mai turawa ta WhatsApp ya tura a matsayin takarda, a haka sunan ba ya canjawa. Shi kuma mai turi ya sake jera foldojinsa da sunan mawaƙa; aikin yini guda ne, kuma zai rage masa wahalar nema in an zo tambaya.

Ba kowa ke karanta boko ba, musamman a cikin gidaje, inda waƙar fim ta fi samun masu sauraro na haƙiƙa. Magabata sun san maganin wannan: makaɗa sukan ambaci kansu da 'yan amshinsu a tsakiyar waƙa, marubuta kuma su rufe da baitin da ke ɗauke da sunansu. A cikin fim ambaton suna yana karya labari, don haka a fitar da waƙar iri biyu. Ta cikin fim a bar ta haka nan. Wadda za a saki ga jama'a a faɗi sunayen da baki a kan kiɗan buɗewa, kafin baitin farko, inda almakashin masu yanka bai cika kaiwa ba. Masu gabatar da shirye-shiryen waƙoƙi a Rediyon Kano da Rediyon Jigawa da Freedom su ma su mayar da shi ƙa'ida: ba a sa waƙar fim sai an faɗi wanda ya rera da wadda ta rera da wanda ya kaɗa.

Masu ganin bai kamata a yi waƙa a fim ba sam suna da hujjojinsu, kuma wannan muhawarar malamai ce. Amma ko su za su yarda cewa danne haƙƙin ma'aikaci ba daidai ba ne, kuma wanda ya san sunansa zai fito a jikin baiti zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta batsa. Doka ma tana wannan ɓangaren: dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi haƙƙin a danganta aiki ga wanda ya yi shi. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, finafinai suna bi ta gabanta kafin su fita, don haka ba ta bukatar sabuwar doka ko sabon ofis. Ta ƙara sharaɗi ɗaya a takardar neman izini: kowace waƙa a cikin fim, da ta fara, a rubuta sunan marubuci da mawaƙi da mawaƙiya da mai kiɗa a ƙasan hoto na tsawon daƙiƙa biyar, da haruffan da za a iya karantawa a fuskar waya. Jerin sunayen ƙarshen fim bai wadatar ba, yana gudu da sauri, haruffansa ƙanana ne, kuma shi ne abin da ake fara yankewa in ana son zango ya shiga memori.